Tagiya Shuɗiya Zuwa Simsim

Gadarif, ranar Laraba, farkon yankan riɗi

Zuwa ga ɗan Ummusalama, a kambon ma'aikata, Simsim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da waɗanda kuke aiki tare. Ya gajiya, ya rana? Mu nan lafiya lau. Ƙanwarka Huda tana gaishe ka.

Kada ka yi ta juya takardar kana neman wanda ya rubuta mini. Ni ce, Jummare, da hannuna. Malama Wijdan, wadda yaƙi ya koro daga Madani ta sauka a ɗakinmu na baya, ita ta zaunar da ni a tabarma ta koya mini, ga furfura a kaina. Da baƙin Larabci nake rubuta Hausarmu. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da cokalin sukari.

Abdurrahim mai lori ya ce babu shabaka a wurinku, waya ba ta kamawa ko an hau saman tarakta. Ya ce duk ranar da ya iso, kafin ya kashe mota kun kewaye shi, ba mai tambayar gida sai labarin ƙwallo, kuma kai ne kan gaba. Shi ba ya kallo, ba abin da yake kai muku. To ni ka san a ƙofar nadi, kulob ɗin Sharu, nake sayar da shayi, inda ake kallon wasa a talabijin. Shekaru ina jin ihunsu kamar ƙarar injin niƙa, ban taɓa sa kunne ba. Wannan makon na sa.

Ga abin da na tsinto maka. Hilal ta ci. Ashe saboda yaƙi ita da abokiyar hamayyarta Marrik duk a Muritaniya suke wasa bana, ni sai yanzu na sani. Sharu ya ce, “Kakanninmu da ƙafa suka taho daga yamma, ga yaranmu sun koma yamma a jirgi suna koya wa mutane ƙwallo.” Ya ce kofin bana an riga an naɗe shi, ɗauka kawai ya rage. Wani tela da ke zama kusa da murhuna ya ce kada a cika baki, masu tsaron bayanmu suna barci in an kusa tashi, amma mai tsaron raga kam, telan ya ce Allah ya yi masa albarka har jikokinsa. 'Yan Marrik can suke zama jikin bango, shiru kamar masu zaman makoki. Wani tsoho a cikinsu, mai injin niƙa na bayan masallaci, ya ce kofin da aka ci a gidan wasu ba kofi ba ne. Sharu ya ce, “Ya zol, da ku ne a gaba da tuni kun yanka rago.” Har ni na yi dariya.

Na ji daɗi dominka. Hilal ƙungiyar mahaifinka ce, Allah ya jiƙansa. Duk ranar da ta ci sai ya shigo gida da ƙullin dabino. Na saƙa maka tagiya shuɗiya, launinsu, tana cikin ledar nan tare da busasshiyar kuɓewa da sabulu.

Ka dinga buga damin riɗi da sanda kafin ka sa hannu, maciji yana shiga ƙarƙashi. Ruwan tafki ku tafasa shi. Gidan sauron da Huda ta ba ka, kana ɗaurawa ko ka ba wani?

Abu ɗaya kuma. Abdurrahim ya ba ni ambulan ɗinka na Ummusalama a Hawata in miƙa wa mai motar can. Ban buɗe ba, na dai riƙe shi, yana da kauri. Ni nawa saƙon a baki ya zo: a gaida Yaya. Ba ƙorafi nake ba, da ban iya karatu ba. Yanzu na iya.

Kowace shekara in an gama girbi kakan sauka a kasuwar hatsi, ka zo ka gaishe ni daga bakin ƙofa, ka sha shayi a tsaye, ka bi motar Hawata kafin la'asar. Bana girbin dawa zai ƙare dab da azumi. Ɗakin da Wijdan ta zauna ya zama fanko, ta samu wuri a makaranta. Na dai faɗa ne.

Allah ya tsare, ya ba da sa'a. Wassalam.
Jummare

*

Simsim, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Jummare.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na karanta, na gane komai. Masha Allah, rubutun ya fito sarai. A gaida Malama Wijdan, Allah ya saka mata.

Ina lafiya. Aiki ya yi yawa, riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye sai ya zube. Ina ɗaura gidan sauro. Kuɓewa da sabulu sun iso, tagiya ma ta iso. Na gode ƙwarai.

Labarin ƙwallon da kika aiko, duk kambo sun taru sun saurara. Sun ce in roƙe ki ki ci gaba, don ba mu da wata hanya.

Maganar azumi, Allah ya kai mu lafiya.

A gaida Huda. Ina neman addu'a. Wassalam.
Yahya

*

Gadarif, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwar mijina Ummusalama, Hawata.

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da ciwon ƙafa? Ya bakin kogi, ruwa ya ja? Ina fata duk kuna lafiya.

Ki buɗe ido da kyau, wannan rubutuna ne. Ke kika yi makaranta, kin daɗe kina yi mini dariya ina dangwala yatsa a tawada. To ga ni.

Ina sanar da ke yanzu ni ke aika wa ɗanki labarin ƙwallo. Takarda huɗu ke nan, kuma ya ce duk kambo taruwa suke yi. Na iya abubuwa da yawa. Na san in an ɗaga tuta ba a lissafa cin, na san kati ja kora ne. Jiya ma ni na raba gardama tsakanin Sharu da tela a kan wanda ya ba da ƙwallon da aka ci, kuma ni ce da gaskiya. Hilal tana tafiya kamar lori a kan kwalta. Na saƙa masa tagiya shuɗiya, ya ce ya gode ƙwarai. Ƙwarai ya rubuta, Huda ma ta duba.

Amma ki gaya mini tsakani da Allah, me yake rubuta miki? Ambulan ɗinki ta hannuna yake wucewa, kullum cike kamar buhu. Nawa ko iska ta taso sai ta ɗauke shi. Lafiya lau, na gode, a gaida Huda. Ko direba ya fi haka magana da ni. Ba shi da lafiya ne yake ɓoye mini? Ko yarinya ya gani? In yarinya ce, ashe sai an gama magana ni zan ji a bakin mata?

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da aka yaye shi aka kai miki, bai taɓa yin azumi a gidana ba, ko na kwana ɗaya. Ban taɓa dama masa kunun buɗe-baki ba. Ban ce kin yi laifi ba, riƙo kika yi, kin kuma yi da kyau, kowa ya shaida. Amma bana ki bar mini shi. Ke in kika ce ya zauna a Gadarif zai zauna, maganarki yake ji. Na riga na jiƙa dawa zan yi hilu-mur, abin shan buɗe-baki, na ƙara mudu saboda shi.

Ki gaida maigidan. Ina jiran amsa ta hannun mai mota. Wassalam.
Jummare

*

Hawata, ranar Juma'a

Zuwa ga matarmu Jummare, sabuwar malama.

Wa alaikumus salam. Lale, lale! Na ga rubutu, na sa tabarau na sake gani. Matar da aka kawo gidanmu ba ta iya tuƙa asida ba sai da na koya mata, yau ita ke aiko mini da takarda. Barka, wallahi na yi murna. Muna lafiya, ƙafar maigida da sauƙi, kogi ya ja har an fara shuka albasa a bakinsa.

Yanzu ki ajiye butar shayi ki zauna, kada ki ƙone.

Yahya ɗan Marrik ne. Ja wur. Tun yana famfara. Maigidana ne ya lalata shi, yana ɗora shi a cinya suna jin wasa a rediyo ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Akwai Sallar da na ɗinka masa farar jallabiya, ya tsoma ta a ruwan zoɓo don ta zama launin Marrik, na zane shi, ya ce ko a sake zai sake. Yaron da ko kofi shuɗi ba ya shan ruwa da shi, shi kika saƙa wa tagiya!

Kin tambayi abin da ke cikin ambulan. Ba ciwo, ba yarinya. Kuka ne. Bana ƙungiyarmu tana tangal-tangal, shi ya yi kuka a takarda, ni in mayar masa da nawa. Wa ya tafi, wa ya kamata a kawo, me ya sa ba a ci a minti na ƙarshe ba. Sai kuma labarinki. Ya ce duk ranar da takardarki ta iso, dole shi zai karanta a gaban jama'a, da bakinsa yake faɗin Hilal ta ci, da bakinsa yake faɗin 'yan Marrik suna zaman makoki. 'Yan Hilal na kambo sun danne shi sun sa masa tagiyar, sun ɗaga shi sama suna kewaya tarakta. Yanzu sunansa a can Ɗan Hilal. Ya roƙe ni kada in gaya miki, wai ranki zai ɓaci. Da na yi shiru, amma kin zo kina yi mini tutiya da “ƙwarai”.

Mijinki Yaya Salihu ya sani, Allah ya jiƙansa. Ya zo Hawata ya tarar da jallabiyar nan a igiya, ya yi dariya har ya zauna, ya ce, “Kun sace mini ɗa sau biyu.” Kin san abin da ya hana ya gaya miki? Duk wanda ya ɗauko zancen yaron nan a gabanki, sai ki sunkuyar da kai ki shige ɗaki. Na sani kunyar ɗan fari ce, haka iyayenmu suka yi, ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu. Ba wanda ya zarge ki. Amma ke kin wuce kowa. Wasu sukan laƙaba wa nasu wani suna, ke ɗan Ummusalama kika ce, ɗan Ummusalama kike cewa har yau. Ya ji, ya yarda. Ni yake kira Inna, ke Yaya, domin Yaya ya ji ina kiranki yana ƙarami, kuma ba ki taɓa gyara masa ba.

Maganar azumi, ba ni zan ce masa ya zauna ba. Ba buhun dawa ba ne da zan sa a sauke miki. Kuma in gaya miki gaskiya, ba na so. Ni ma na jiƙa dawata. Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na san ba ya buɗe-baki da abu mai sanyi. In kina son sa, ki tambaye shi da kanki.

Ki gaida Huda. Ki gaida Sharu, ki ce kakar ba ta ƙare ba. Wassalam.
Ummusalama

*

Gadarif, ranar Talata

Zuwa ga ɗan Ummusalama, Simsim.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. An ce kun gama riɗi kun shiga dawa, Allah ya ba da ƙarfi. Ka rufe wuya, ƙaiƙayi yana sa tari.

Na ji komai daga Hawata, wurin Ummusalama. Kada ka yi fushi da ita, ni na tsokane ta.

Me ya sa ba ka gaya mini ba? Layi ɗaya ya isa. Ka bar ni ina zama ina ƙirga baƙi ɗaya bayan ɗaya, ina aiko maka da abin da za a yi maka dariya da shi. Ita ka gaya mata har da kewaya tarakta. Ni aka yi wa “na gode ƙwarai”. Kwana biyu ban iya cin kisra ba, Huda ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ban tsaya nan ba. Na ce tun da ja kake, ni ma zan zama ja, abin da Ummusalama ta iya ba zai gagare ni ba. Na ɗauki murhuna da kujeruna na koma jikin bango wurin 'yan Marrik. Sharu ya leƙo ya ce, “Jummare, nawa suka saye ki?” Tsoho mai injin niƙa ya ce, “Marhaba da baƙuwa. Sai dai a nan sukari kaɗan ake sa mana, mun saba da ɗaci.”

Ga labarinsu, tun da shi kake so. Ba su ci ba, ba a ci su ba, kuma ba wanda ya yi murna. Wani ya ce 'yan wasan ba su san juna ba, kowa gudun kansa yake. Wani ya ce ina laifin yaran, mutum iyalinsa na gudun hijira a ce ya buga ƙwallo da hankali ɗaya? Tsohon ya ce a jira zagaye na biyu, Marrik a ƙarshe take tashi. Wani matashi ya ce, “Baba, bara ma haka ka ce.” Ya kusa jifansa da kofi. Mutanen kirki ne, amma zama da su yana sa ciwon kai.

Sai ranar Lahadi aka sa wasan Hilal. Ina jikin bango, ina zuba wa tsohon shayi, na ce ba ruwana, ko kallo ba zan yi ba. An kusa tashi, wani ɗan siriri ya kwaso ƙwallo daga gefe, ya wuce mutum biyu, ya buga. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. A tsakiyar 'yan Marrik, da buta a hannu, shayi na zuba a ƙasa. Duk suka juyo. Tsohon ya dube ni ya ce, “Ɗauki murhunki ki koma gida, baiwar Allah. Jininki shuɗi ne.” Sharu da kansa ya zo ya ɗaukar mini kujeru.

To ka gani. Domin ka na shiga, ga shi abin ya kama ni a ɓangaren da ba naka ba. Ummusalama tana da sunan Inna, tana da azuminka, tana da Marrik. Ni ko launi ban iya zaɓa daidai ba.

Ka ba Abdurrahim tagiyar ya dawo mini da ita in warware, zaren zai yi wa Huda wani abu. Labarin ƙwallo kuma daga yau Sharu zai dinga faɗa wa Abdurrahim ya kawo muku a baki. Maganar ɗakin baya ka manta da ita, ban ce komai ba.

Allah ya tsare. Wassalam.
Jummare

*

Simsim, ranar Alhamis, ana casar dawa

Zuwa ga Yaya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, tari ma babu. Na karanta takardarki ni kaɗai a bayan buhuna, ban ba kowa ya ji ba. Ki yafe mini. Ban san yadda ake ce miki “ba haka ba ne” ba, ban taɓa gwadawa ba.

Amma guɗa? A jikin bangonmu? Yaya, wannan cin amana ne, kuma tun da kin bayyana kanki, to ki saurara.

Hilal ɗinku ba wani abu take yi ba. Wannan ɗan siririn da kika yi wa guɗa, in ya gamu da mai tsaron baya na gaske ko inuwar raga ba zai gani ba. Telan nan ya fi ku duka gaskiya, bayanku a buɗe yake kamar rumbun da ba ƙofa. Kuna ci ne don kun fi kowa yawan 'yan wasa, in wannan ya gaji a sako wancan. Mu kamar tarakta muke da aka kwance ana gyara, ranar da aka ɗaura ta za ku ji ƙara. Ki gaya wa Sharu kofin da ya ce an naɗe, ya bar shi a naɗe, kada ya yi saurin kiran maroƙa. Ki gaya wa Baba mai injin niƙa akwai ɗansa a Simsim, kuma gaskiyarsa, a jira zagaye na biyu. Wancan matashin da ya yi masa rashin kunya kada ki ƙara sa masa na'ana'a a shayi.

Kin ga na cika shafi. Ni kaina na yi mamaki. Da Inna ba ma gardama, bakinmu ɗaya, ta ce wayyo in ce wayyo. Ke kuwa tun da na karanta takardarki nake ta shirya amsa a kan injin casa, har wanda ke kama mini buhu ya ce da wa nake faɗa. Ban taɓa yin gardama da ke ba. Ban taɓa yin komai da ke ba sai gaisuwa. Kada ki bar wa Sharu labarin, ke nake so ki rubuto, ki yabi Hilal yadda kike so, ni kuma in rama.

Tagiya ba za ta dawo ba. Sanyin asuba a nan yana shiga kunne. Ina sa ta, in naɗa jan ƙyalle a kai, ba mai gani. Abin da ya ɗaure mini kai, ta zauna daidai kamar an gwada. Kaina babba ne, ko a kasuwa sai na sha wuya. Ke da ba kya ɗaga ido in na zo, yaya aka yi kika sani?

Maganar ɗakin baya ban manta ba. Ga yadda abin yake a wurina. A nan kowane buhu kafin a ɗora shi a lori sai an rubuta sunan mai shi a jiki, in an isa kasuwa Abdurrahim ba ya tambaya, inda sunan ya nuna nan yake saukewa. Duk takardar da kika aiko, in ya zo yakan ɗaga ta ya ce, “Ina ɗan Ummusalama?” Haka kika rubuta a baya. Tun ina yaro haka nake ji, shi ya sa nake shan shayi a tsaye in wuce. Ban san ko an yarda in zauna ba.

Girbi ya kusa ƙarewa. A gaida Huda, a ce ta zaɓi ɓangare tun kafin in zo gaisuwa. Ina neman addu'a, amma ban da ta ƙwallo, na san inda za ta tafi. Wassalam.
Yahya

*

Hawata, ranar Lahadi

Zuwa ga Jummare.

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Ambulan ɗina ya iso yau, na ɗaga shi a rana ina hango ƙasan. Rabin shafi. Mai mota ya ce ya ga naki a hannunki, wai har kin kasa ninke shi. Wato da ƙungiyar da na fi ƙi a duniya kika zo kika ci ni. Na yi shekaru ina taya shi kuka, ashe abokin faɗa yake nema. Maigida yana ta dariya, na ce ya yi da ƙafarsa.

Na tambayi Yahya maganar azumi. Ya ce bai sani ba tukuna, yana jiran ya ga abin da za a rubuta a bayan takarda. Ni ban gane ba. Ke na san kin gane.

In ya zauna, ba ya buɗe-baki da abu mai sanyi, na gaya miki. Sahur sai an tashe shi sau biyu, na farko ƙarya yake ya ce ya tashi. Ba ya son yaji a miyar kuɓewa. Ga hilu-mur ɗina na aiko da rabonsa, ki ajiye kusa da naki, ya sha ya faɗi wanda ya fi.

Sallah tawa ce. Wannan ko Hilal ta ci kofin duniya ba zan bari ba.

Wassalam.
Ummusalama

*

Gadarif, ranar Laraba

Zuwa ga Yahya, ɗana.

Assalamu alaikum. Na rubuta a nan, na rubuta a bayan ambulan. Abdurrahim ya karanta ya dube ni, na kau da kai. Bakina bai iya ba tukuna, ka yi haƙuri da shi, hannu ya riga shi.

Tagiya: in ka sunkuya ɗaukar kofi nake kallo. Kowace shekara.

An share ɗakin baya. In lori ya iso kasuwa, ka sauko da jakarka duka. Na ce wa Baba mai injin niƙa ya ajiye maka kujera jikin bango. Murhuna yana ɓangaren Sharu, shayinka zai tsallako, sukari kaɗan.

Bayanmu ba a buɗe yake ba. Ka zo ka gani.

Wassalam.
Mahaifiyarka, Jummare